Ranar da Na Riƙe Gorar Majigi

Jikokina kan zauna gaban talabijin suna latse-latse, daga kokawar Turawa su faɗa rawar Indiya, daga nan sai ƙarƙashin teku, ko gezau ba sa yi. Ni kuwa ranar da na fara ganin duniya a jikin ƙyalle, saura kaɗan in rasa kakarsu.

Kafin a ba mu mulkin kai ne motar majigi ta zo Yako. Na yi aji biyu a elementare kafin malamai su huta da ni, don haka ni ne masanin garin. Tun da hantsi nake bi ina gaya wa mutane inuwa ce kawai, ba ta cizo. Ban taɓa gani ba.

Bayan magariba aka ɗaura farin ƙyalle tsakanin gora biyu a ƙofar gidan dagaci. Iska ta taso, gora ɗaya ta fara rangaji. Mai majigi ya ce a ba shi wanda ba ya tsoro ya riƙe. Duk aka juyo aka dube ni. A sahun gaba, daidai inda ƙyallen zai faɗo, ga dagaci, ga baban yarinyar da nake nema, makiyayi daga wajen Doguwa, wanda har lokacin bai ce e ba, bai ce a'a ba.

Na rungume gora. Da farko Turawa suka fito suna sulu a kan wani abu fari kamar gari, kowannensu ya fi rumbu tsawo, kuma a kafaɗata suke wucewa. Aka yi darasin takin zamani, na ɗan numfasa. Sai jirgin ƙasa ya taho da hayaƙinsa, ba kowa ya nufo ba sai ni. Gwiwoyina suka fara kaɗawa, gora ta ɗauka, ƙyalle ya ɗauka.

Mai majigi ya ce, “Malam ɗan boko, tsaya cik mana, kana girgiza mini jirgi.”

Daga nan zaki. Idonsa ɗaya ya kai faifai. Da ya buɗe baki yara suka watse, wata tsohuwa ta bar takalmanta. Na runtse ido ina karanto duk abin da na iya, har da addu'ar cin abinci. In na saki, ƙyalle ya rufe dattijon nan baban yarinyar, maganar aure ta mutu. In na tsaya, ban san iyakar inda inuwa ke tsayawa ba.

Har aka kashe inji hannuwana suka ƙi buɗewa. Dattijon ne ya zo ya ɓamɓare yatsuna ɗaya bayan ɗaya.

Ya ce, “Yaro, ashe ba ta cizo?”

Na ce, “Baffa, sanyi ne.”

Ya ce, “Da bazara? To. Na ga tsoronka, har hular dagaci ta ji iskarsa. Amma ba ka saki ba. Turo manyanka ranar Juma'a.”