Lambar wa zan sa?

Ɗazu ina zaune a ɗakina nan Ƙaura, ina cika fam ɗin neman aikin koyarwa a waya. Ga wanda bai sani ba, ba na gani. Akwai wata murya a wayar da ke karanta mini duk inda yatsana ya taɓa.

Na sha wuya, domin masu haɗa shafin nan ko tunawa da irinmu ba su yi ba. Wani wurin ba abin da muryar ke cewa sai "maɓalli, maɓalli". Haka na lallaɓa har na kai gurbin ƙarshe, ta ce in sa lambar wanda za a kira idan wani abu ya same ni.

Nan na tsaya cak. Da can lambar yayata Hassi nake sawa, Allah Ya jiƙanta. Tun da muka watse daga garinmu Gurbin Ɓore, kowa ya kama gabansa.

Na kira kawuna a Shinkafi.

"Kawu, Sani ne. In sa lambarka a takardar aiki?"

Sai ya ce, "Wane Sanin?"

Na gaishe shi da kyau, na kashe.

Sai na sake rubuta tawa lambar a gurbin, shafin kuwa ya karɓa ba musu. Ke nan ranar da wani abu ya same ni, ni za a kira.

Ku fa, lambar wa kuke sawa ba tare da kun tsaya tunani ba?