Ƙunshin da Aka Ce Maraya Ne

Wani Bazabarme ne ya koya mini naɗe manhaja, a ɗakinsa na unguwar Lamorde a Yamai, bayan jami'a. Na zo daga Maraɗi karatu, shi kuwa ɗan Yamai ne, Hausarsa ta kasuwa, amma bakinsa ya fi nawa kaifi.

"Bahaushe, ka ga matan kasuwar Katako masu ƙulla gishiri?" in ji shi. "Buhu ba nasu ba ne, su dai ƙulli suke yi. To aikinmu ke nan."

Haka kuwa abin yake. Wani can a wata ƙasa zai rubuta manhaja ya sake ta kyauta. Mu sai mu ɗauko, mu duba lasisinta, mu gyara inda ba ta jituwa da sauran, mu naɗe ta ƙunshi guda yadda kowa zai iya saka ta cikin ordinatarsa, wato kwamfuta, da umarni ɗaya. Babu mai biyanmu ko dala. Kowane ƙunshi yana da mai riƙonsa, sunansa na jiki, duk wanda ya ga matsala shi zai nema.

Abokina ƙunshi ɗaya yake riƙe da shi, yana ji da shi kamar ɗan fari. Ƙaramar manhaja ce mai adana aikin mutum in kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke. Yakan ce Turawan da suka rubuta ta wasa suke, mu ƴan Yamai ne muka san darajarta. Da rana tsaka muke aiki, fanka na kaɗa iska mai zafi, kwanon dambu da zogale a tsakaninmu. In na yi kuskure ba ya gyara mini, sai ya kwashe da dariya ya tafi dafa shayi. Haushi kamar ya kashe ni. Yau da zan samu wannan dariyar da na saye ta da tsada.

Da matarsa ta haihu sai ya ce ƙulli ba ya cika tukunya. Ya bi ƴan haƙar zinariya arewa, wai zai riƙa gyara musu farantin wuta mai aiki da hasken rana. Da farko yana kira. Daga baya kiran ya yi nisa, sannan ya yanke. Waɗanda suka dawo, wannan ya ce ya gan shi, wancan ya ce ba shi ba ne.

Masu babban tsarin da muke yi wa naɗin suna da al'adarsu. In mai riƙo ya daɗe bai amsa ba, sai a sanar cewa ƙunshinsa ya zama maraya. Kalmar da suke faɗi ke nan, da bakinsu. In wani bai ɗauka ba kafin a rufe ƙofar sabon fitowar tsarin, sai a fitar da shi. Wanda ya ɗauka kuma, sunansa ne zai hau gurbin na da.

Na ga sanarwar a kan ƙunshin abokina, raina ya ɓaci. Wa ya gaya musu ubansa ya mutu? Na iya aikin sarai, amma hannuna ya ƙi. Gani nake in na goge sunansa, ni ne na fara yi masa sadakar uku.

Da lokaci ya matso sai na hau kabu-kabu na tafi unguwar Kirkisoye wurin mahaifiyarsa. Ita ma ta hana a yi zaman makoki. Na same ta tana tsince zogale, na durƙusa na ce fofo, gaisuwar Zabarmawa, na yi ta kewaye-kewaye ina bayanin abin da ban sa ran za ta gane ba.

"Ɗana, tsaya," ta ce. "Maraya ka ce?"

"Haka suka kira shi, Inna."

"Kuma kana ji kana gani za a fitar da shi waje? Wane irin aboki ne kai? Ɗauki ka riƙe. In ya dawo ka miƙa masa abinsa."

Washegari bayan azahar na zauna. Na ɗauko sabon fitowar manhajar, na gyara abin gyarawa yadda ya koya mini, na bar layin suna sai ƙarshe. Na goge nasa, na rubuta nawa. Kafin in ɗaga yatsa kuran ya ɗauke, fanka ta tsaya.

Wallahi daɗi na ji. Na ce ko alama ce, aikin ya tafi, sunansa na nan yadda yake. Na fita na zauna gindin dogon yaro ina jira, zuciyata wasai.

Da la'asar kuran ya dawo. Na kunna ordinatar. Manhajarsa ta yi aikinta tsaf, ba ta bar ko harafi ɗaya ya ɓata ba. Sunana ne a wurin.