Jakar da Inna Ta Ɗinke

Har yau in na ji ƙarar injin shara a gidan wani, sai in tuna da Inna. Mu a Garwa aspiratar muke ce masa, yadda masu Faransanci suke faɗa, Inna kuwa har ta koma ga Allah "mai ihun nan" take kiransa. Mu ba 'yan gayu ba ne da za mu sayi abin shara mai cin wuta. Wata darduma ce ta jawo shi gidanmu.

Dardumar Baba ce, ƙatuwa mai kauri, wadda ya zo da ita daga Makka shekarar da ya sauke farali. Ta cika ɗakin Inna bango zuwa bango. Baba mahauci ne, wuni yake tsakanin mayanka da kasuwa, amma da ya dawo ya watsa ruwa, a kan dardumar nan za ka same shi. A kanta yake cin tuwo, a kanta yake jin rediyo, ran Juma'a kuma a kanta yake zama ya taje gemunsa da yake rinawa da lalle har ya yi jawur. A kanta ya cika.

Bayan rasuwarsa fukar Inna ta tashi gadan-gadan. Da ma tana da ita, amma ba irin wannan ba, sai ka ji numfashinta yana fito tun daga zaure. Mijina yana aiki a Poli, sai na baro shi can na dawo gida jinya, tunda ni ce autarta. Likita ya duba ta ya ce abu uku za a raba ta da su: turaren wuta, sharar tsintsiya a ɗakin da take kwana, da duk wata darduma mai riƙe ƙura. Turare ta haƙura da shi, tsintsiya ma ba ta yi gardama ba. Da aka zo kan darduma sai ta ɗaure fuska.

"A ɗauke ta ran da aka ɗauke ni," iyakar abin da ta ce ke nan.

Yayana, wanda muke ce wa Hamma irin na Fulani, shi ne babba a gidan yanzu, kuma mutum ne mai kafiya, gadon Inna ya yi. Aka yi ta ja-in-ja har ya gaji. Ranar wata Lahadi sai ga shi da injin nan a bayan babur, na hannu, ya samo shi wajen masu sayar da tsofaffin kayan Turai. Ya dire shi a tsakar gida ya kafa sharaɗi: kullum za a bi dardumar da shi, in tari ya lafa darduma ta zauna, in ya ƙaru wallahi da hannunsa zai naɗe ta. Inna ta kalli injin, ta kalli Hamma, ta kau da kai. Ni na san aikin a kaina ya faɗo.

Haka na koyi halinsa kamar yadda ake koyon halin miji. Yana da jaka ta takarda a ciki, inda ƙura take taruwa. Yana da wani soso a bayan jakar, mai tare ƙurar da ta kuɓuce kada ta shiga motar da ke juya injin. Sai doguwar tiyo, sai buroshi a bakinta. In jaka ta cika ƙarfinsa yakan ragu. In soso ya toshe yakan yi zafi ya ɗauke, ga kuma zafin Garwa na bazara da ko mutum ɗaukewa yake yi. Sai na mayar da shara da sassafe, kafin rana ta buɗe ido, in an ci sa'a akwai wuta. Inna ta fita ta zauna gindin lemon tsami da ke bayan ɗakinta, tana toshe kunne tana mita har in gama.

Kuma fa an ga amfaninsa. Ranar farko abin da ya zuƙo daga dardumar nan sai da ya ba ni kunya, ni da nake ganin muna shara. Tarin Inna ya lafa, ta fara barci, har ta koma tsokanata wai na zama direban mota marar taya.

Abu ɗaya ne ya riƙa damuna, gashi. Magungunan da take sha da tsufa sun sa gashin Inna zuba, farare dogaye, su nannaɗe a buroshi har ya ƙi aiki. Nakan zauna da reza in yanke su in zare. Duk ranar da na yi haka tana tsaye a kaina da tafin hannu a buɗe. Inna ba ta taɓa yarda gashi ko farce su je bola ba. Tun muna yara, in an yi mana kitso, sai ta tattara abin da ya zuba ta haƙa rami a gindin lemon nan ta binne. Takan ce abin da Allah ya halitta a jikin mutum ƙasa ake mayar wa, ba a haɗa shi da ɓawon ayaba. Ina zuba mata a hannu, ta je ta binne, ban taɓa kawo komai a raina ba.

Can tsakiyar bazara injin ya fara iskanci. Ihun yana nan, zuƙar ce babu. Ka ɗora shi a kan ƙwayar shinkafa ya yi ta gurnani, ka ɗaga ka tarar da ita tana nan zaune. Abin da ya fi tayar min da hankali, ya koma fesar da ƙura ta baya, ɗaki ya turnuƙe da wani wari kamar an ƙona roba. Tarin Inna kuma ya dawo, ya ma fi na da.

Babu abin da ban duba ba. Na cire tiyo na jefa ƙwallon dabino ta sama, ya faɗo ta ƙasa, ba toshewa ke nan. Na wanke soso na shanya har ya bushe ƙayau, don an gargaɗe ni kada in kuskura in mayar da shi da danshi. Na goge bakin roba, na matse duk wata mahaɗa. Ya yi kwana biyu lafiya, ya koma gidan jiya. Na ɗora shi a babur na kai wa wani mai gyaran fanka a kasuwa. Ya kwance shi, ya hure motar, ƙura ta tashi har muka yi atishawa tare. Ya ce ƙura tana wuce jaka tana shiga mota, in ba a tare ta ba motar za ta ƙone, in sa sabuwar jaka.

Sabuwar jaka! Kamar a bakin titi ake tsinta. Sai an yi saƙo Duwala, wani direba ya taho da 'yan kaɗan. Na sa sabuwa, ba a jima ba aka koma ruwa. Na zargi ɓeraye, na zargi masu wuta da suke kawo ta rabi-rabi, na kira Hamma na wanke shi tas, na ce araha ba ta ado, ya je ya kwaso mana gawar Turawa. Shi ma ya hau, ya ce shi bai san zancen inji ba, tari yake ji, kuma in ya zo ran Juma'a ya tarar da shi haka, darduma ta tashi. Na ajiye waya. Inna tana jin mu daga ɗaki, har tari ta danne don kada ya ji.

Ranar Laraba na tafi barkar haihuwa a unguwar da ke kusa da gada. Na tarar an wuce da mai jegon asibiti, sai na juyo tun kafin la'asar. Na shigo gida shiru, ɗakin Inna ba kowa, injin kuma a buɗe, ba jaka a cikinsa. Sai na jiyo tari daga bayan ɗaki.

Tana zaune gindin lemo, ta baje faifai a cinya. Ta farke gindin jakar ta zazzage ƙurar a kai, tana tonawa da yatsu kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa. Ƙura ta yi mata fari a gira da hanci. Ga allura da farin zare a gefe. Sai a lokacin na gane: duk ranar da na fita, sai ta farke jakar, ta tsince, ta ɗinke gindin ta mayar. Ni kuwa kullum bakin jaka nake dubawa, ban taɓa juya ta ba. Ta hujin allurar nan ƙura take bi ta shiga mota, sauran kuma ta shiga ƙirjinta.

"Inna! Innalillahi! Kashe kanki za ki yi?"

Ta yi firgigit ta dunƙule hannu ta tura ƙarƙashin zane. Tari ya sarƙe ta, sai da na ɗauko mata abin shaƙarta ta samu kanta.

"Auta, rage murya," ta ce. "Gashina nake cirewa."

"Ba ga shi ina ba ki na buroshi ba?"

"Wanda ya wuce ciki fa? Shi ba nawa ba ne?"

Na ce to daga yau ba za a kai jaka bola ba, zan binne ta ɗungurum da abin da ke cikinta. Ta ce ashe zan binne gashinta tare da kashin tsaka da ɓawon gyaɗa. Na ce to ni zan riƙa tsincewa. Ta ce idona ba zai gani ba. Ni mai ido garau, ita da ko zare ba ta iya sawa a allura sai ta yi ta lalube! Haushi ya ishe ni, kuka ya zo min, na rasa wanda zan fara. Na kwashe faifan, na ce mata Hamma ba zai ji daga bakina ba, amma ta yi wa Allah ta bari.

Washegari na ɗauki jakar ƙarshe da ta rage a ajiye, ashe ita ma tsohuwa ce da ta riga ta ɗinke. Na liƙe ɗinkin da salatif, na sa, na kunna da bismilla. Ya yi ihu, ya yi wani ƙara kamar an shaƙe akuya, hayaƙi ya fito, ya yi tsit. Mai gyara ya ce motar ta ƙone, sai dai a nemo wata daga kudu, kuma ba ya alkawarin rana.

Ran Juma'a bayan masallaci Hamma ya zo. Tun daga zaure ya ji numfashinta. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya ce, "Inna, ki yafe min," ya fara naɗe darduma daga bakin ƙofa. Na tare shi na ce ya ba ni mako guda, mota tana hanya. Ya ce numfashi ba ya jiran mota. Ban iya ce masa ƙarya yake ba. Inna tana bakin gado, ta ɗaga ƙafafunta don ya wuce. Ya kai ta ɗakin ajiya, aka goge siminti, aka shimfiɗa mata tabarmar roba.

An ɗauke darduma, tari bai tafi ba. Ya ɗan yi sauƙi, ban hana ba, amma Inna ta daina mita, ta daina tsokana, abinci sai an yi da gaske. Ba ta ƙara taka tsakiyar ɗakin ba sai ta bi gefen bango. Ruwan farko na damina ya sauka da kwanaki kaɗan ta rasu, da hantsi, kanta a cinyata. Hamma da kansa ya fito da dardumar ya shimfiɗa wa masu ta'aziyya a tsakar gida, yana yi yana share ido da hannun riga.

Motar ta iso bayan an yi sadakar bakwai. Mai gyara ya aiko a kawo injin. Da na buɗe shi zan fitar da jaka, sai na ga ɗinkin Inna a ƙarƙashin salatif, ƙanana a jere, irin wanda take yi wa bakin zane. Na kasa kai ta bola. Na ɗauki faifai na tafi gindin lemo na zauna inda take zama, na farke, na fara tonawa.

Fararen dogayen ba su da wuyar gani, na tara su gefe. Can sai na ga wani guntu, gajere, mai kauri, ja. Na ɗaga shi a rana. Na sake tonawa na sami wani. Tsintsiya ba ta taɓa kaiwa inda suke ba, injin ne ya riƙa zaƙulo su daga can cikin darduma.

Da muka zo raba kayanta, a ƙasan adakarta na sami wani ƙullin tsumma bai kai goro ba. Na kwance. Jajayen gashin gemun Baba ne, ta tara su ɗaya bayan ɗaya, su ba ta binne ba. Matar da ta yi zaman aure da shi tun tana yarinya ba ta taɓa kama sunansa ba, ina za ta iya buɗe baki ta gaya wa autarta abin da take nema a cikin shara?

Na kira Hamma na nuna masa. Ya daɗe yana kallo, sannan ya tashi ya ɗauko fartanya. Shi ya haƙa ramin a gindin lemo, ni na zuba, farare da jajaye tare, muka mayar da ƙasa.