Kejin da Na Je Aunawa a Gansbaai

Litinin: Jidda zuwa Cape Town

Ƙarfe huɗu da rabi na asuba abokin aikina Khalid ya danna hon a ƙofar gidanmu da ke Aziziyya. Tsakiyar zafi ne, ko a wannan lokacin iskar Jidda ɗumi gare ta kamar tururin tukunya. Matata, Maman Ummi, ta miƙo mini jaka da ledar dabino, ta yi mini addu'a daga bakin ƙofa, na sauko.

Ni mutumin Yawuri ne, mai walda. Shekarata goma sha ɗaya ina gyaran jiragen ruwa a wani ƙaramin kamfani da ke Obhur, arewacin Jidda, wanda ke kai masu yawon buɗe ido ninƙaya cikin Bahar Maliya. Kafilinmu, wato mai gidanmu da ya tsaya mana a ƙasar, Abu Nayif, shi ya tayar da wannan tafiya. Yana son ya fara sabuwar sana'a: a saka mutane cikin kejin ƙarfe, a zura su a teku su kalli girsh ido da ido, wato babban kifin nan mai haƙora da ake kira shak. Ya ji cewa a Afirka ta Kudu ake wannan sana'a da farin shak, sarkinsu duka. Mu ba mu da irinsa a tekunmu, amma muna da danginsa. Ya ba ni zanen kejin da yake so, da wata 'yar taga a gefe inda baƙi za su riƙa miƙa wa kifin nama da sanda. Ya ce in je in auna na mutanen can, in dawo in ƙera masa. Saura wata biyu iƙamata, wato takardar izinin zamana, ta ƙare, kuma da sa hannunsa ake sabunta ta.

Khalid shi ke koya wa baƙi ninƙaya a kamfanin. A unguwar Karantina ta nan Jidda aka haife shi, fasfon Nijeriya gare shi, amma bai taɓa taka ta ba. Muna wucewa ta babban titi ya ce, "Yaya Bala, wallah yau ne awwal marra da zan fita daga ƙasar nan. Unguwarmu ma an rushe ta, yanzu ko na yi kewar gida ban san ina zan yi kewa ba." Ya yi dariya, ni ban yi ba.

Mun yi sallar asuba a filin jirgi. Jami'i ya duba takardar fita da dawowa a na'urarsa, ya buga mana hatimi. Jirgi ya tashi bakwai da minti goma, muka sauka Addis Ababa kafin goma, muka jira awa biyu, sannan muka yi awa shida da rabi a sama. Biyar da rabi na yamma agogon can muka sauka Cape Town. Da ƙofa ta buɗe, wani sanyi ya mare mu, Khalid ya ƙanƙame jikinsa ya ce, "Esh hada! Wa ya bar firji a buɗe?"

Mun sauka a gidan wata dattijuwa Musulma mai ba da hayar ɗakuna. Ta kawo mana shinkafa da miyar naman rago mai kayan ƙamshi da ɗan zaƙi. Da ta ji daga Jidda muke, sai ta ajiye cokali ta zauna. Ta ce ta sauka a can da mijinta shekarar da suka yi hajji, kafin ya rasu, kuma har yanzu tana tuna warin teku da na gahawa a hanyar Makka. Ta roƙe mu in mun koma mu sa shi a addu'a.

Talata: hanyar Gansbaai

Tara na safe muka hau ƙaramar bas. Tafiyar kusan kilomita ɗari da sittin da biyar ce. Mun hau wani dutse mai lanƙwasa, hazo ya rufe mu har direba ya kunna fitila, muka sauko cikin gonakin tufa da na inabi, duk ganyensu ya zube. Bayan garin Hermanus teku ya bayyana a hannun dama, launin toka, yana ta dukan duwatsu. Direban ya tambaye mu ko shak muka zo gani. Muka ce eh. Ya kaɗa kai ya ce, "Da can ko'ina suke. Yanzu sai ka yi sa'a."

Sha biyu saura muka isa. Mai jirgin da Abu Nayif ya haɗa mu da ita wata mata ce mai furfura, Madam Elsa, fuskarta duk iskar teku ta busar. Ba ta ɓata lokaci ba, ta kai ni bayan rumfa inda kejin yake a kan tirela. Na fito da tef na auna: mutum biyar yake ɗauka a jere, da tulunan iska a sama don kada ya nutse, da sandar riƙewa daga ciki. Sai na shafa waldar da hannu, yadda na saba. Sumul take. Na bi kusurwa ɗaya bayan ɗaya, babu tsini ko na allura, an lanƙwasa kowane baki an goge shi, wasu wuraren an naɗe da roba.

Na ce, "Wannan gugar daga waje take. Ai mutane daga ciki suke."

Ta ce, "Ba don mutane na yi ba. In kifin ya gogi kejin, bana son ya yanke."

Na nuna mata zanen Abu Nayif. Ta daɗe tana kallon tagar, ta miƙo mini takardar, ta ce gobe ƙarfe bakwai jirgi ke tashi.

Laraba da Alhamis

Kwana biyun nan sun haɗe mini a kai kamar kwana ɗaya. Kullum mukan tashi daga ƙaramar tashar Kleinbaai da baƙi goma sha biyu, mu yi tafiyar minti ashirin, a jefa anga, a zura kejin a ɗaure shi a gefen jirgi. Wani ma'aikaci yana dama ragowar kifi da ruwan teku a durom yana zubawa kaɗan-kaɗan, don warin ya bi ruwa. Wani kuma yana riƙe da igiya mai kan kifi a ɗaure. Tsuntsaye farare suna shawagi a kanmu. Sai jira.

Jirgi ya ɗaga, ya sauka, ya ɗaga, ya sauka. Na zauna a baya lulluɓe da bargo ina taunar dabino, ina kallon ruwa har na daina sanin ko minti goma ya wuce ko awa. Wani lokaci in ga kamar ina cikin kwalekwalen mahaifina a kogin Kwara, ina jiran ya ce in ja taru. Sai ihun wani baƙo ya dawo da ni.

Wasu shak masu launin tagulla sun zo ranar Laraba, guda uku. Duk wanda ya kawo baki, mai igiya sai ya janye kan kifin gefe, nesa da keji. Farin bai zo ba. Ranar Alhamis ko masu tagullar ba su leƙo ba, kuma Abu Nayif ya turo saƙo sau huɗu yana tambayar bidiyo. Khalid ya kasa haƙuri, ya je wajen Madam Elsa.

"Madam, sau ɗaya bas. Ki zuba nama da yawa, ki bar shi ya cafke, in ɗauka. Mai gidanmu yana jira."

Ta ce, "Ba a nan ba. Kifin da ka ciyar yau, gobe in ya ji ƙarar inji abinci zai zo nema. In bai samu a hannunka ba, zai nema a wajen wanda ya tarar a ruwa." Ta juyo gare ni. "A inda kuke aiki, mutane suna wanka?"

Na ce suna yi. Ranar Juma'a da yamma bakin ruwan Obhur cika yake da iyalai, yara har da masu tatata.

A hanyar komawa ta gaya mini cewa tana faɗa wa kowane baƙo tun kafin ya hau jirgi: teku za ta kai shi, ba ta yi masa alkawarin kifi ba. Wasu sukan fasa, ta bar su su tafi.

Juma'a

Ranarmu ta ƙarshe. Hazo ya kwanta a kan ruwa, teku ya yi lif kamar an shafe shi da mai. Tara da kwata ta wuce babu komai, baƙi sun gaji da sanyi sun fito daga keji suna shan shayi. Madam Elsa ta miƙo mini rigar roba.

"Ka auna shi daga waje. Shiga ka gan shi daga ciki."

Kunya ta hana ni gaya mata cewa duk shekarun nan da nake gyaran jirage ban taɓa sa kaina ƙarƙashin teku ba. Khalid ya sani. Ya taya ni jan rigar, ya ɗaura mini gilashin ido, ya ce, "Yalla, Yaya Bala, ina gefenka. In an ce ƙasa, ja numfashi ka riƙe sanda ka nutsa. Halas."

Ruwan ya shiga rigar kamar an zuba mini ƙanƙara a gadon baya. Na yi bismilla haƙorana na kaɗawa. Mun yi kamar minti goma kawunanmu a waje, sai mai igiya ya yi magana, ba da ihu ba, a hankali: "Ƙasa. Hagu."

Na nutsa. Duk ƙarar duniya ta ɗauke. Ruwan kore ne, hasken rana yana saukowa cikinsa zare-zare, ƙananan kifaye suna walƙiya suna watsewa. Can sai koren ya yi duhu a wuri ɗaya, duhun ya yi baki, ya yi fiffike, ya zama kifi. Bai yi sauri ba. Ya taho kamar wanda ke yawo a tsakar gidansa, bayansa launin toka, cikinsa fari fat, tsawonsa ya wuce kejin da na auna da hannuna. Ko kallon kan kifin bai yi ba. Ya bi gefen ƙarfen har na ga wani tsohon tabo a hancinsa, sannan idonsa ya zo daidai nawa. Na ɗauka baƙi ne, ashe da shuɗi mai duhu a ciki. Ya dube ni, na dube shi. Ban ji tsoro ba, abin da ya fi ba ni mamaki ke nan. Ji na yi kamar na leƙa ɗakin wani babban mutum ba sallama, ya ɗago ya gan ni, ya ƙyale ni. Jelarsa ta kaɗa sau ɗaya, ruwan ya ture ni baya, koren ya haɗiye shi.

Na fito ina haki. Khalid yana ta "Subhanallah" yana kuka yana dariya. Bidiyon daƙiƙa arba'in ya samu ya ɗauka. Na tambayi Madam Elsa tabon hancin. Ta ce wataƙila keji ne mai kaifi, a wani wurin da ake jawo nama har jikin ƙarfe don baƙi su yi ihu.

Dawowa

Asabar da hantsi muka koma Cape Town, muka yi sallama da dattijuwar nan, muka biyo hanyar da muka zo. Lahadi ƙarfe goma na safe muka sauka Jidda. Abu Nayif da kansa ya zo ɗaukarmu. Kafin ya tayar da mota ya karɓi wayar Khalid ya kalli bidiyon.

"Bas? Shi ke nan? Ina haƙoran? Ina naman?"

Na ce, "Ya Abu Nayif, kejin zan ƙera maka shi, wanda ba ka taɓa ganin irinsa ba. Tagar ce ba zan yi ba."

Ya juyo gaba ɗaya ya dube ni. Na gaya masa abin da matar ta ce game da ƙarar inji, na tuna masa cewa jikokinsa ma suna shiga ruwan nan. Ya ce baƙi ba za su zo kallon ruwa kawai ba. Khalid, wanda na zata zai yi shiru, ya sa baki da Larabci ya ce shi ma ba zai saka kowa a kejin da ake ciyarwa ba. Abu Nayif ya ja mota. Daga filin jirgi har Aziziyya, tafiyar minti talatin da biyar ce. Ni lissafin yadda zan gaya wa Maman Ummi ta fara haɗa kaya nake yi.

A ƙofar gida ya tsaya, ya sake kunna bidiyon, ya kalla har sau biyu. Ya ce, "Shi ya zo da kansa?" Na ce da kansa, bayan kwana uku. Ya miƙo hannu na ba shi zanen. Ya ɗora shi a kan sitiyari, ya zaro biro daga aljihu ya soke tagar.

"In na yi asara, da kai zan fara. Gobe ka zo da fasfonka, a kai batun iƙama."

Na hau bene ina dafa bango, don ƙasar Jidda ba ta daina ɗagawa da sauka a ƙafafuna ba. Maman Ummi ta buɗe ƙofa, ƙamshin miyar kuka ya tarye ni. Na gode wa Allah da ya kai mu lafiya ya dawo da mu lafiya, na gode wa Madam Elsa da dattijuwar da ta ciyar da mu. Sati na gaba zan shiga Makka in cika mata alkawarin addu'ar mijinta.