Goron da na raba don kowa ya zauna a gida

Ni mutum ne mai mantuwa. Yau da safe ma sai da na birkita ɗaki ina neman hulata, alhali tana kaina. Ɗan karatun bokon da aka yi ƙoƙarin cusa mini kafin na gudu na bi motocin albasa, shi ma tuni ya bi iska. Amma ranar da jikata ta kawo kyamara lungunmu na Nima, wannan kam ba za ta bar kaina ba har a kai ni kushewa.

Jikar nan 'yar babban ɗana ce, tana koyon harkar fim a wata makaranta a nan Accra. Ubanta bai taɓa son karatun ba. Lokacin yana da shagon albasa a kasuwar Agbogbloshie, kuma ya faɗa mata a gabana cewa in ta faɗi jarrabawar wannan shekara, ta tattara ta zo ta zauna masa a shago. Jarrabawar kuwa ba ta takarda ba ce. An ce kowane ɗalibi ya samo mawaƙa ya yi musu bidiyon waƙa, kuma malaminsu ya sa sharaɗi: a ɗauka a tafiya ɗaya, daga farko har ƙarshe, babu yankewa. Kyamarar ta makaranta ce, ranar Asabar kawai za a ba ta aro, ta mayar kafin magariba.

Ni dama na daɗe ina son sanin sirrin waɗannan bidiyoyi. A wajen mai shayi nakan leƙa wayar samari, in ga mawaƙa sun jeru da kaya iri ɗaya, kowa da baƙin tabarau, fuska a murtuke kamar an yi musu rasuwa sun ƙi kuka. Sai na tambaye ta.

"Amarya, wai mawaƙan nan na cikin waya haƙora ne ba su da su?"

"Angona, kai dai ba ka waye ba," in ji ta. Haka muke wasanmu na kaka da jika tun tana ƙarama. "Kowace ƙungiya sai ta zaɓi kamannin da za a san ta da su. Ido ne ke fara kama su kafin kunne. In sun yi dariya an raina su."

"To ni da nake dariya kullum fa?"

"Ai ka ga yadda aka yi da kai."

Mawaƙan da ta samo samari huɗu ne 'yan unguwarmu. Shugabansu ɗan Hajiya mai waakye ne, wadda ke sayar da shinkafa da wake a bakin lungu. Ni na riƙe ƙafar ragon sunansa. Sun aro baƙaƙen jaket a wannan zafin na Accra, da sarƙoƙin wuya irin waɗanda ke bar wa fata kore, da tabarau. Waƙar tasu Hausa ce da Twi da Turanci a cakuɗe, kuma abin da take ta maimaitawa shi ne su ba sa sunkuya wa kowa. Tsarin jikata mai sauƙi ne: su taho daga bakin lungu har ƙarshensa suna taku ɗaiɗai, ba murmushi, ba waiwaye, ita tana ja da baya da kyamara.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci suka yi gwaji da waya. A nan na ga abin mamaki na farko. Ashe ba waƙa suke yi ba! An ɗora lasifika a kan baro ana turawa, waƙar na fita daga ciki, su baki kawai suke motsawa. Na ce da na san haka ake yi ai da tuni na yi suna, don ni ma duk zamana a aji baki kawai nake motsawa in sauran yara suna karatu.

Abin mamaki na biyu shi ne ya lalata gwajin. Sun taho ke nan, fuska kamar dutse, sai ga ladanin masallacinmu ya ɓullo da butarsa. Kafin ka ce me, ɗan Hajiya ya zare tabarau ya durƙusa, sauran ma suka zube.

"Baba Ladan, barka da Juma'a."

"Barka kadai, yaro. Ya ƙafar uwar taka? Wannan riga ba zafi?"

Aka koma farko. Sun yi nisa kaɗan sai ga wata tsohuwa da bokitin ruwa, ɗayansu ya fita daga layi ya karɓe mata. Jikata ta dafe kai.

"Chale," in ji ta, yadda 'yan Accra ke kiran aboki, "ba ku ne kuka ce ba ku sunkuya wa kowa ba?"

"Sista, ƙanwar kakata ce fa. In na wuce ta, yau ba ni ba tuwo a gidanmu."

Haka aka yi ta yi har rana ta yi sanyi, ba su taɓa kai rabin lungu ba. Lungunmu kuwa duk wanda ya san shi ya san ba ya rabuwa da tsofaffi. Wani zai shiga, wata za ta fito, kuma kowa ya san uwar kowa. Na ga idon jikata ya kawo ruwa, sai na ji wata dabara ta faɗo mini, irin dabarun da suka sa har yau ban mallaki ko keke ba.

"Amarya, bar mini wannan. Yanzu zan ɗebi yaran nan mu bi gida gida, su gaida kowa gaisuwar gobe tun yau, ni kuma in roƙi mutane su zauna a ɗaki da hantsi. Gobe ko kaza ba za ki gani ba."

Ta dube ni da shakka, amma ba ta da wata mafita, ta tafi gida.

To ni a yadda aka rene ni, ba a shiga gidan babba da magana hannu rabbana. Na sa babbar rigata, na sayi goro da alawa, na ƙulla su ƙulli ƙulli, na sa samari a gaba. Duk gidan da muka shiga, yara su durƙusa, ni in miƙa ƙulli in ce, "Gobe da hantsi jikata tana da ɗan sha'ani a lungu, yaran nan za su yi waƙa." Kafin in kai ƙarshe an ɗaga hannu: "Allah ya sanya alheri! Allah ya kai mu!" Ni kuma in ƙara da ainihin saƙon: "Don Allah kada ku wahalar da kanku ku fito." Su yi dariya su ce, "Haba Alhaji, ai ba komai."

Na koma gida ina jin kaina gwani. Ko kaɗan bai faɗo mini ba cewa a zango, wato unguwar Hausawa irin tamu, in dattijo ya sa babbar riga ya kawo maka goro da alawa, gayyatar suna ce ko ɗaurin aure. Kuma duk mai gayyata mai kunya haka yake rufe bakinsa, da kada ku wahalar da kanku. Shekara da shekaru ina karɓar irin wannan goro, amma da na riƙe shi a hannuna ban gane shi ba.

Da safe ƙarar jan benci ce ta tashe ni. Na leƙa, sai na ga lungu ya zama wani abu dabam. An jera bencuna hagu da dama, wani ya kafa rumfa, maza sun fito da kayan Sallah, mata sun sha leshi da ɗaurin kai kamar za su tashi sama. Hajiya ta matso da tukunyar waakye tana zuba wa mutane kyauta, tunda ai ɗanta ne zai yi waƙa. Har daga unguwar Maamobi an zo. Can kuma a kan benci na tsakiya, ga ɗana uban yarinya, ya harɗe hannu. Tun asuba mutane ke yi masa Allah ya sanya alheri, shi ya sa ya rufe shago ya zo ya ga wane sha'ani ne 'yarsa ke yi bai sani ba.

Jikata ta sauko daga tasi rungume da jakar kyamara, ta tsaya cak. Ta dubi taron, ta dubi ubanta, sannan ta dube ni.

"Kaka, me ka yi?"

Ba ta ce angona ba. A nan na san na yi ɓarna.

Korar mutane ba ta taso ba. Wanda ya ci goronka ya yi wanka ya zo, ba ka ce masa tashi. Wani lungun kuma ba a gwada shi ba, ga rana tana tafiya. Samarin sun laɓe bayan kes ɗin mai gyaran waya, gumi na zuba cikin jaket. Ɗan Hajiya ya ce, "Sista, gaskiya ko za a yanka ni ba zan wuce mamana da Baba Ladan da tabarau a fuska ba."

Ta zauna a kan dakali. Can ta ciro kyamarar, ta sa ido tana bin lungu da ita a hankali, ta daɗe. Ni ga kunya, amma son ganin ƙwaƙwaf ya fi ƙarfina, na matsa na ce ko zan ɗan leƙa. Ta matsa mini ba tare da ta kalle ni ba. Wallahi a ɗan gilashin nan ban gane lungunmu ba. Kwatar nan tana nan, igiyoyin shanya suna nan, amma ga launuka, ga tururin tukunya, ga fuskokin da na saba gani kullum sun yi wani kwarjini. Na ce, "Ikon Allah, nan ne muke zaune?"

Ta karɓe kyamarar ta miƙe, ta kira samarin.

"Ku sa tabarau. Ku taho yadda muka tsara. Duk wanda ya kamata ku gaisar, ku gaishe shi, amma kada bakinku ya daina bin waƙa. Ko me ya faru ba zan tsaya ba."

Aka kunna lasifika. Suka taho fuska a ɗaure, taku ɗaiɗai. Daidai inda waƙa ta ce ba sa sunkuya wa kowa, daidai nan suka iso gaban Baba Ladan, tabarau suka sauka, gwiwoyi suka kai ƙasa. Shi kuwa da kunnensa ya yi nauyi, ya ɗaga hannu yana ta sa musu albarka. Suka tashi, suka mayar da tabarau, suka sake murtuke fuska, taku kaɗan suka sake zubewa. Hajiya ta kamo ɗanta ta share masa gumi da gefen mayafi, ta ja sarƙar wuyan ta duba ta taɓe baki, shi ko yana ta motsa baki yana cika alkawari. Wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa. Da suka zo gaban ɗana suka durƙusa, na ga ya warware hannu ya dafa kan ɗan Hajiya. Jikata na ja da baya, ba ta ko ƙifta ido ba, har ƙarshen lungu.

Ni dama na je ƙarshen lungun na gyara tsayuwa, na baza babbar riga don a rufe da ni. Ana saura kaɗan sai ga akuya ta nufi baron lasifika, na bi ta da gudu. Duk bidiyon nan, abin da ya fito nawa ƙeya ce da takalmi ɗaya.

Ranar da aka nuna aikin ɗalibai a makaranta, ta tafi da ni da ubanta. Na ga bidiyoyi masu motoci da hayaƙi, duk mawaƙan kamar uwa ɗaya ta haife su. Da aka zo nata, ɗakin ya kece da dariya tun durƙuson farko, aka ƙare da tafi. Malaminsu ya tambaye ta yaya aka yi ta koya wa tsofaffi masu yawa haka wasan kwaikwayo. Ta nuno ni ta ce, "Angona ne ya shirya su, da goro." Na miƙe na ɗaga hannu kamar da gangan na yi.

A cikin trotro, motar haya, muna komawa har muka kusa Nima. Sai ɗana ya yi gyaran murya, yana kallon taga, ya ce wa 'yarsa, "Shagon nan dama ba ya ɗaukar mutum biyu. Yaushe za ku koma makaranta?"

Samarin kuwa sun ajiye sarƙoƙi, amma sun riƙe jaket da tabarau, kuma ko kalma ɗaya ba su canza a waƙar ba. Har yau duk inda aka kira su biki, sai sun fara zare tabarau sun durƙusa wa manyan wurin, kuma da wannan aka san su.

Abin da na koya shi ne, kamannin da ka aro suna zamewa da zarar uwarka ta fito ƙofar gida, kuma abin da mutane ke riƙewa a kanka shi ne wanda ka kasa dainawa ko da kyamara na kallonka. Sannan in kana son mutanen zango su zauna a ɗaki, ka faɗa musu a tsaye, da tsohuwar riga, kuma ka bar goro a kasuwa.