Rahaji da Sojan Roba

Duk lokacin da 'yata Hauwa ta ja ni kanti in saya mata mujallar nan ta yara da ake liƙa wa ɗan mutum-mutumin roba a bango, sai in riƙa jan ƙafa. Ba tsadar ce ke damuna ba. Kakata Inna Hajo nake tunawa.

A Masama, wajen Gwandu, na tashi a hannunta. Da an idar da magariba sai ta zauna gaban murhu, ta jera shanun yumɓu da ta gina ta gasa a garwashi, da su take yi mana tatsuniya. Babbansu shi ne Rahaji, jan sa mai dogon ƙaho. Namu ƙahon kullum karyewa yake a wuta, nata kuwa ko gezau.

Ran nan Yohanna, ɗan malaminmu, ya zo makaranta da mujalla daga birni, da sojan roba wanda bai fi yatsa ba, hannunsa har motsi yake. Raina ya biya, na kasa haƙuri. Na sace Rahaji, muka yi musaya.

Da yamma Inna ta jera shanunta, ta duba.

"Maigidana, ina Rahaji yas shiga?"

"Akuya ta taka shi, Inna."

Ta dube ni, ta dubi aljihuna da na dafe. "Akuya ko? To, ku matso, ga ta nan tafe."

Ta ba mu labarin makiyayin da ya ga tsuntsu mai gashi kamar zinariya a kasuwa, ya ba da san da ke ja wa garkensa gaba ya karɓo shi. Tsuntsun bai taɓa kuka ba. Damina ta zo, gulbi ya cika, shanu suka tsaya a gaɓa suka ƙi shiga ruwa. Nan ta yanke labarin.

"Daga nan fa, Inna?" in ji ƙanwata.

"Ni ma ban sani ba, ɗiyata. Wanda yas san hanya ba shi nan."

Kunya ta hana ni ɗaga kai. Kafin mako ya zagayo hannun sojan ya cire. A shekarar kuma hannun Inna ya fara rawa, ba ta sake gina sa ba. Har ta rasu ban faɗa mata gaskiya ba.

Yanzu a Kalgo nake. 'Yan robar Hauwa sun cika gwangwani, kowanne kwana biyu yake a hannunta sai ta fara zancen na gaba. Kwanaki ta ɗaga ɗaya ta ce, "Baba, mene ne labarinsa?" Na juya mujallar gaba da baya, ba komai sai hoton waɗanda ba ta mallaka ba tukuna.

Na je fadama na ɗebo yumɓu. Sa uku na gina mata, duka ƙahon ya zube a wuta.

"Baba, ba wanda ya koya maka ne?"

Na ce, "Akwai wadda ta iya, kakata, ita kuwa ƙarya na yi mata." Sannan na zaunar da Hauwa na ba ta labarin, daga kan akuyar.