Mai Kitso Biyu

Jiya a hanyar Bacirawa na ga wani yana jan awaki a igiya ɗaya, wuya da wuya, sai kakata ta faɗo mini a rai. Ita ba ta yarda a yi haka a gidanta. Kowace akuya da turkenta, kuma a ƙafa take ɗaure su.

Shekarar da fari ya cinye geronmu, Baba ya jera awakinmu a igiya ɗaya zai kai kasuwa. Kakata ta fito, hannunta duk warin daddawa, ta hau kwance su.

"Inna, rana tana yi," in ji Baba.

"Ta yi ta yi. Haka aka kawo uwata ƙasar nan."

Na bi ta da tambaya har bakin murhu. Ta ce mahara ne suka kama uwarta tana ƙarama a bakin rafi, can kudu, suka haɗa wuyanta da na wata yarinya. Igiya ta ci fata, ba abin da take gani sai ƙeyar yarinyar da kitsonta biyu. A Kano aka sayar da uwarta, waccan kuwa aka wuce da ita arewa da ayarin raƙuma.

Na ce, "Yaya sunan yarinyar?"

"Yarensu ba ɗaya ba ne. Uwata dai ta ce in ta yi tuntuɓe, yarinyar takan rage sauri."

Har yau ina son sanin inda yarinyar ta ƙare. Allah Ya jiƙan kakata da uwarta, Ya haɗa su da mai kitso biyun nan, su ga fuskarta.